Inda Tsadar Hoto Take Ɓuya

Duk wanda ya yi niyyar sayen kyamara a wannan zamani, alhali kuwa aljihunsa bai cika nauyi ba, ya kamata kafin ya shiga kasuwa ya fara taya kaya ya san cewa tambayar da yake ɗauke da ita, wato wace ce mai araha kuma mai nagarta, ta girme shi da shekaru fiye da 180, kuma attajiran wannan sana'a sun sha amsa ta ta fuskoki iri-iri, kowace amsa kuwa da lungun da ta ɓoye ribarta. Gama abin da tarihin hoto ya nuna tun ran da aka fara shi, shi ne duk sa'ad da aka yi shelar cewa kyamara ta yi araha, in mutum ya natsu ya duba sai ya tarar tsadar ƙaura kurum ta yi: ta tashi daga akwatin ta koma fim, ta bar fim ta koma wanki, ta bar wanki ta tare a gilashi da batir da sauran tarkacen da mai saye ba ya tunawa da su sai ya isa gida.

Hikimar kyamara tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba ta ci kuɗi ba. Shaihin masana ilmin gani, Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana a cikin littafinsa Kitabul Manazir yadda ya jera fitilu a gaban wata 'yar kafa da ke buɗe zuwa wuri mai duhu, sai hasken kowace fitila ya ratsa kafar ya sauka a bango daura da ita ba tare da ya cakuɗe da na 'yar'uwarta ba, in kuwa aka rufe fitila ɗaya sai haskenta kaɗai ya ɓace daga bangon. Da wannan ya ƙarfafa hujjarsa cewa haske miƙe yake tafiya. Kowace kyamara da ke duniya yau, daga ta ɗan jarida har ta cikin wayar yarinya mai tallan gyaɗa, wannan ɗaki mai duhu ce aka ƙanƙantar. Abin da ya gagari mutane har ƙarni takwas bayansa shi ne yadda za a tsare surar da ta sauka a bangon kada ta gushe, kuma a nan ne kuɗi ya shigo cikin al'amarin.

Wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ne ya fara cin nasarar tsare ta, wajen 1826, a kan farantin ƙarfe da ya shafe da kwalta, bayan ya bar shi yana kallon taga sa'o'i masu yawa. Abokin aikinsa Louis Daguerre ya gyara dabarar bayan rasuwarsa, har gwamnatin Faransa ta saye ta ta bayyana wa duniya a watan Agusta na 1839, ta yanka wa Daguerre fansho na faran 6,000 a shekara. Amma hoton Daguerre na masu hali ne. Farantin tagulla ne aka dalaye da azurfa, a turara shi da aidin kafin ɗauka, a turara shi da zaiba bayan ɗauka, zaiba kuwa guba ce ga mai shaƙarta. Kayan aikin gaba ɗaya sun kai faran 400. Hoton kuma guda ɗaya tak yake fita, ba shi da na biyu. Baturen Ingila Henry Fox Talbot ne ya zo da hanyar nagatif, wadda daga ɗauka ɗaya ake fitar da kati ko nawa ake so, kuma a kanta sana'ar ta zauna har ƙarshen ƙarni na ashirin. Duk da haka, shekara arba'in da wani abu bayan Daguerre, mai hoto bai daina zama rabin mai haɗa magunguna rabin ɗan dako ba, yana yawo da faranta na gilashi da kwalabe da tanti.

Wanda ya fara sayar wa talaka kyamara, ya kuma fara koya wa 'yan kasuwa inda ake ɓoye tsada, shi ne George Eastman na birnin Rochester a Amurka. A 1888 ya fitar da akwatin da ya raɗa wa suna Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinsa; in mutum ya ƙare ɗauka sai ya aika da akwatin ɗungurungum zuwa masana'anta da dala 10, a wanke masa hotuna, a zuba sabon fim, a mayar masa. Dala 25 ba ƙaramin kuɗi ba ne a wancan lokaci, saboda haka a 1900 ya sake saukowa da Brownie, akwatin kwali, dala 1 tak, fim ɗinsa kuwa santi 15, aka sayar da fiye da 100,000 a shekarar farko. Mai karatu ya lura da lissafin: da zarar mai Brownie ya sayi fim sau bakwai, kuɗin fim ya wuce kuɗin akwatin, ba a ma zo maganar wanki da kati ba. Eastman ya gane cewa akwati sau ɗaya ake saye, fim kuwa kullum, kuma a kan wannan fahimta kamfaninsa ya ginu har ya zamana a 1976 kashi 90 cikin 100 na fim ɗin da ake sayarwa a Amurka nasa ne. Duk ci gaban da ya biyo baya, da Leica ta Jamus a 1925 mai ƙaramin fim na milimita 35, da Polaroid ta 1948 mai fitar da hoto nan take, da Instamatic ta 1963 wadda ko yaro zai iya ɗura mata fim, babu wanda ya karya wannan ƙa'ida, wato kowace dannawa da farashinta.

A Afirka ta Yamma sana'ar ta bakin teku ta shigo, kuma 'yan ƙasa sun kama ta da wuri fiye da yadda mutane suka zata. Iyalin Lutterodt suna aikin hoto a Ankara tun shekarun 1870, Jonathan Adagogo Green yana ɗaukar sarakuna da 'yan kasuwa a Bonny kafin ƙarni na sha tara ya ƙare, George Da Costa kuma ya buɗe situdiyo a Ikko a 1895. Daga baya akwatin Eastman mai araha shi ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofa. Seydou Keïta na Bamako, wanda yau ake rataye hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya, da Brownie ya fara, wadda kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935, J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, mai hotunan kitson mata, shi ma Brownie ya saya a 1950 a kan fam 2. Abin lura a sha'anin Keïta shi ne, saboda tsadar fim, galibi sau ɗaya yake danna wa kowane mutum. Sai ya gyara zaman, ya daidaita hannu da ɗaurin kallabi, ya duba inda hasken rana yake faɗowa a tsakar gidansa, kana ya ɗauka. Kuma a ganina rabin kyan hotunansa daga wannan tilas ya fito, domin wanda ya san harsashinsa ɗaya ne ba ya harbi da ka.

A ƙasar Hausa kuwa, hotunan farko yawancinsu baƙi ne suka ɗauka, Turawan mulki da 'yan mishan da matafiya, sannan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano aka kafa Sabon Gari, sai masu situdiyo daga Kudu suka biyo hanyar dogo suka buɗe shaguna a can da sauran garuruwan tasha. A Yamai ma, Philippe Koudjina ya shahara da ɗaukar rayuwar birnin a shekarun 1960 da 1970. Jinkirin da Bahaushe ya yi kafin ya riƙi abin sana'a yana da dalili na shari'a, wanda bai kamata a raina shi ba, gama hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura ingantattu ne, kuma malami mai tsantseni yana da hujjar tsayawa ya yi nazari. Fuƙaha'un Malikiyya dai sun riga sun rarrabe tsakanin sura mai jiki mai inuwa, ta abu mai rai, cikakkiyar gaɓoɓi, wadda ita ce haramtacciya, da wadda take shimfiɗe a takarda ko tufa ba ta da inuwa, wadda suka sanya a babin karhanci ko saɓanin abin da ya fi. Sannan Muftin Masar, Shaihu Muhammad Bakhit Almuɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya wallafa risala ta musamman yana kafa hujja cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, mai ɗauka bai ƙagi wata halitta da hannunsa ba. Wasu malamai ba su karɓi wannan ijtihadi ba har yau, sai dai ko su sun yi rangwame a wajen larura, larurar kuwa ta zo da ƙarfinta: fasfon aikin Hajji, da lasin tuƙi, da takardar jarrabawa, da katin shaida, kowanne sai da hoto. Dattijon da bai taɓa yarda a ɗauke shi a wajen biki ba, ranar da kujerar Makka ta samu shi da kansa ya nemi mai hoto.

Wanda yake nema ɗin kuwa a wancan zamani sau da yawa mai akwatin katako ne, da ke kafa ƙafafunsa uku a inuwar bangon gidan waya ko bakin kotu ko tashar mota. Ya cancanci a tsaya a dubi aikinsa, domin a tarihin wannan sana'a ba a taɓa samun araha ta gaskiya kamar tasa ba. Zai zaunar da mutum a benci, baƙin ƙyalle rataye a bayansa, ya ce, “Baba, ɗaga haɓa kaɗan, a tura hula baya, kada a ƙifta.” Sai ya cire murfin gilashi da hannu, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Ba ya amfani da fim ko kaɗan. Takardar hoto ce ya sa a ciki. Daga nan sai ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinke a jikin akwatin, ya tsoma takardar a ƙaramin faranti na ruwan magani mai fito da sura, ya leƙa ta wata 'yar kafa har ya ga ta nuna, ya mayar da ita faranti na biyu mai tsayar da ita. Abin da zai fara fitowa abin dariya ne, fuska fara fat, farar riga kuwa baƙa ƙirin, kuma ba a rasa baƙauyen da ya ga wannan ya ce atafau ba shi ba ne. Mai hoto zai manna wannan jiƙaƙƙiyar takarda a wani ɗan katako gaban gilashi, ya sake ɗaukarta, sai baƙi ya koma fari fari ya koma baƙi. Ya ɗauraye a bokiti, ya yanke gefe da almakashi, ya miƙa tun da sauran danshi. Ɗakin ɗauka da ɗakin wanki duk suna cikin akwati ɗaya da kafinta zai iya ƙerawa, ba ya bukatar lantarki, ba ya jiran kowa.

Hoto mai launi ne ya karya wannan 'yanci. Fim mai launi ba ya wankuwa a bokiti, yana bukatar injin da ke riƙe zafin ruwan magani daidai gwargwado, injin kuwa sai mai jari. Da ƙananan injinan wanki suka bazu a biranen Afirka ta Yamma a shekarun 1980, sai sana'ar ta rabu biyu: mai injin yana zaune yana karɓar kuɗi, masu ɗauka kuwa suka yawaita, kowa da kyamara a wuya yana bin biki da suna da hawan salla. Tsohon mai situdiyo da ya yi shekaru yana koyon ɗakin duhu ya wayi gari ilminsa ba ya da kasuwa, yaron da ya koyi dannawa jiya yana kai fim wurin da shi ma yake kaiwa. Kuma tsadar ba ta sassauta ba, gama fim da azurfa ake yinsa, da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabi a farkon 1980 har ya kusa dala 50 kowace oza, fim ya bi shi. Da aka karya darajar naira a 1986 kuma, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ƙara nisa da talaka. Fim ɗaya hoto 36 ne, mai hoto yana kallon lambar da ke saman kyamara kamar yadda mai gida yake kallon rumbu a watan bazara, ba ya danna wa kowa sai an yi jinga, kuma ba ya kai wanki sai fim ya cika, shi ya sa hoton suna yakan iso bayan jaririn ya fara zama.

Akwai wata tsada kuma da ba a rubuta a rasit ba, wadda mu baƙaƙen fata muka biya. Shekaru da yawa katin gwajin da Kodak take rarraba wa gidajen wanki don daidaita launi hoton Baturiya ne, ana ce masa katin Shirley, sinadarin fim ɗin ma an auna shi ne da farar fata. Sakamakon haka, a hoton ango baƙi cikin farar shadda, ko dai rigar ta fito da aikinta fuska ta nutse, ko fuska ta fito riga ta ƙone. Gwanintar mai hoton ƙasarmu a nan take, ya san inda zai tsayar da mutum da yawan hasken da zai ƙara, ilmin da babu littafin kamfani da ya koya masa.

Ita kuwa kyamarar dijital, abin mamaki, a gidan Kodak ɗin aka haife ta. A 1969 Willard Boyle da George Smith na ɗakin bincike na Bell suka ƙirƙiro wani ɗan allo mai juya haske ya zama lantarki, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2009. A 1975 wani matashin injiniya na Kodak, Steven Sasson, ya haɗa irin wannan allo da gilashin kyamarar silima da batura 16, ya yi na'ura mai nauyin kilo uku da rabi, wadda take ɗaukar hoto baƙi da fari mai ɗigo 10,000 kacal, tana shafe daƙiƙa 23 kafin ta rubuta shi a kaset. Manyan kamfanin sun yi rajistar fasahar amma ba su yi ɗokin kai ta kasuwa ba, kuma ba wauta ce zalla ta hana su ba: sun fi kowa sanin cewa kyamarar da ba ta cin fim ta toshe mashigar da suke karɓar haraji. Saukowar farashinta a hankali ta zo. Kodak DCS ta 1991, mai ɗigo miliyan 1.3, ta haura dala 10,000 nesa ba kusa ba, sai manyan gidajen jarida. QuickTake ta Apple a 1994 dala 749 ce, tana ɗaukar hoto 8 masu kyau ta cika. Casio QV-10 ta 1995 ta zo da allo a bayanta, wanda ya sa mai ɗauka yake ganin abin da ya ɗauka tun mutumin bai tashi ba. Sannan a 2003 Canon ta fitar da EOS 300D, babbar kyamara mai canjin gilashi, ƙasa da dala 1,000 har da gilashinta, kuma daga wannan shekara fim ya kama hanyar gangara. AgfaPhoto ta durƙushe a 2005, Konica Minolta ta bar sana'ar kyamara a 2006, Kodak da kanta, wadda ta taɓa riƙe ma'aikata 145,000, ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi a watan Janairu na 2012.

A wannan karo kam an ce tsada ta mutu, tunda dannawa ta zama kyauta, wanda bai yi kyau ba a goge. Amma mai hoton Kano ko Maraɗi da ya sayar da tsohuwar kyamararsa ta fim ya sayi ta dijital, bai daɗe ba ya gane inda ta koma. Da can kyamarar ƙarfe takan yi shekara ashirin tana aiki, wata ma ba ta bukatar batir sai don ma'aunin haske; sabuwar kuwa ba ta motsi sai da caji, a garin da wuta sai ta ga dama, ga memori, ga kwamfuta, ga firinta da tawadarta wadda ita ma a kan ƙa'idar Eastman ake sayar da ita, inji da araha tawada da tsada, ga shi kuma kowace shekara biyu sai an fito da sabuwa da za ta mayar da taka tsohon yayi. A wannan zamani ne 'yan kasuwa suka samo ƙugiyar da har yau take kama masu saye, wato lissafin megafiksel, ma'ana ɗigo miliyan nawa ke cikin hoto. Tambayar farko a bakin kanti ita ce, “Megafiksel nawa ce?” alhali katin hoto na inci 4 da 6, wanda shi aka fi wankewa, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ya ishe shi ya fito tas. Abin da ya fi yawan ɗigo muhimmanci shi ne faɗin allon da ke kama hasken. Na ƙaramar kyamarar aljihu galibi wajen milimita 6 da 4.5 ne, na matsakaiciyar kyamara mai canjin gilashi kuwa wajen milimita 23 da 15, wato ya ninka shi fiye da sau goma. In aka cusa ɗigo miliyan 20 a ƙaramin, kowane ɗigo sai ya tsuke ya kasa shan haske, da magariba ta yi hoto ya cika da ƙura-ƙura. Haka nan jawo nesa iri biyu ne, na gilashi wanda yake kusanto da abu da gaske, da na lissafi wanda yankan hoto ne kurum a kumbura shi. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma kyamarorin da ba a san maƙerinsu ba, masu ɗauke da lambobi manya-manya a jikin kwali da farashin da bai kai na takalmi ba, su ne tafsirin wannan magana.

Ƙaramar kyamarar aljihu ba ta daɗe a kan gadon mulki ba. Tun 2000 kamfanin Sharp ya sa kyamara a wayar hannu a Japan, wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, iPhone ta fito a 2007, kuma ƙididdigar ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan ta nuna cewa daga kyamarori wajen miliyan 121 da aka fitar a 2010, abin ya zube ƙasa da miliyan 8 a 2023. Wayar ta shiga inda mai hoto namiji bai taɓa shiga ba, cikin gida wurin matan kulle, ranar kamu da ranar lalle, mata suna ɗaukar junansu babu mai neman izinin kowa; kuma kamfanin da ke yin Tecno da Itel ya ci kasuwar Afirka da dalilai da dama, ciki har da daidaita kyamararsa da baƙar fata, abin da masu fim suka yi shekaru ba su kula da shi ba.

Saboda haka mai neman kyamara mai araha a yau, ko ɗalibin aikin jarida ne ko saurayin da ke son fara ɗaukar biki, galibi kasuwar na-hannu yake nufa, inda kayan da Turai da Amurka suka yar bayan sun koma sabon yayi suke sauka, kuma hakika babbar kyamarar da ta shekara goma, in lafiyarta ƙalau, ta fi sabuwar da ba ta da asali. Sai dai sayen na-hannu yana da ladubbansa, waɗanda masu sana'a suka koya da asarar kuɗinsu. Ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka yana da ajali, a ƙananan kyamarori an ƙiyasta masa wajen dannawa 100,000, kuma a yawancinsu ana iya gano adadin da ya riga ya yi, saboda haka kyan jiki ba hujja ba ne, gama kyamarar mai ɗaukar biki takan tsufa ta ciki tun fentinta bai koɗe ba. Sai a tsuke ƙofar haske a ɗauki farin bango ko sararin sama, a buɗe hoton a duba, in akwai ƙurar hunturu ko tabo a allon nan za su bayyana. Sai a cire gilashi a haska shi da tocila, domin kayan da suka kwana a damshin bakin teku sukan yi furfura a ciki, zare-zare kamar saƙar gizo, wadda ba ta goguwa ta waje. Sai a tambayi batir, na asali ne ko jabu, da caja, da ko ana samun irinsu a garin. A sa memorin da aka zo da shi daga gida, a yi ɗauka goma a jere a ji ko tana sarƙewa. Mai kanti zai ce, “Alhaji, wannan ko wata uku ba ta yi a hannun Bature ba,” amsar da ta dace kuwa ita ce, “To madalla, bari mu ga lambar.”

Bayan duk wannan sai a zo kan gilashi, wanda a nan ne tsadar ta yi zamanta na yanzu. Jikin kyamara yana faɗuwa a farashi shekara bayan shekara, gilashi mai kyau kuwa yana riƙe darajarsa, kuma kowane kamfani ya yi wa nasa baki dabam, ta yadda gilashin Nikon ba ya hawa Canon kai tsaye, wanda ya tara gilasai uku na gida ɗaya ya ɗaure kansa da wannan gida ko da bai yi niyya ba. Shi ya sa tsofaffin hannu suke ba sabon shiga shawarar ya rage kuɗin jiki ya sayi gilashin milimita 50 mai faɗin ƙofa, wanda ba ya jawo nesa amma yana shan haske a ɗakin amarya, kuma yana cikin mafi araha a kowane kamfani. Da yawa daga samarin da ke ɗaukar bukukuwa yanzu ma ba su mallaki kyamara ba, haya suke ɗaukowa ta yini, da gilashi da fitila, su biya daga kuɗin aikin. Abin da masu biki suke biya kuwa ya tashi daga adadin kati ya koma gyaran hoto a kwamfuta, da albam, da bidiyon da za a watsa a waya kafin baƙi su isa gida.